An Ba Kogi Wa'adin Kwana Talatin

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutun yau, tawadar ta ɗan baje don da jiƙaƙƙen hannu nake yinsa. Ɗazu da hantsi na faɗa cikin gonata, sai da mutum biyu suka tsamo ni.

Bara war haka ina jihar Ohayo ina ƙera gangunan katako, ina cin abincina lafiya. Sai wani Babban Mutum ya zo garinmu, ya hau kan ɗaya daga cikin gangunana, ya ce Allah da kansa ya ajiye wa Amurkawa yankin yamma, babu kowa a can sai ciyawa, duk mai kishin ƙasa ya tashi. Na yi tafi har hannuna ya yi ja. Matata Mahala ta ce, "Maigida, in can ɗin ya fi nan, shi me ya zaunar da shi?" Na ce mata ba ta san siyasa ba.

Muka sayar da rumfa, muka ɗaura wa shanu biyu keke, mako bakwai muna tafe kafin mu iso garin Pikesford. Kwana uku na yi a layin ofishin raba filaye, a bayan wani Bajamushe mai cin ɗanyar albasa. Aka miƙo min takarda mai hatimin gaggafa: Asa Pruitt, fili mai lamba arba'in da bakwai, ƙasa mai kyau, ta dace da masara.

Muka je gani. Kogi ne. Ba bakin kogi ba, tsakiyarsa. Mahala ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Ta ina za mu fara shuka?"

Na koma wurin shugaban ofishin, Mai Girma Sarkin Taswira, mutumin kirki wanda bai taɓa barin laka ta taɓa takalminsa ba. Ya ɗora yatsa a kan takarda.

"A babban birni aka zana wannan. Masu ilimi ne. Nan ƙasa suka rubuta."

"Ranka ya daɗe, har kifi na gani."

"To kogin ne ya shiga filin hukuma ba izini. Za a kafa kwamiti."

Kuma wallahi aka kafa. Wa ya ce manyanmu ba sa aiki? Mutum tara, kowa da sabuwar hula da dokin hawa, a zaman farko kaɗai suka ga bayan talotalo uku. A zama na shida aka yanke hukunci: a rubuta wa kogi takarda, a ba shi kwana talatin ya tashi.

Mu kuwa muna kwana cikin keken shanu, ganye ya fara zuba, ƙanƙara na tafe, Mahala da cikin wata shida. Ana haka sai ga Uwargida Prudence Hallock, shugabar ƙungiyar yaƙi da barasa, ta zo da mata goma suna waƙar coci. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗan'uwa Pruitt, kai ne abin koyi. Sauran maza hatsi suke nomawa a dafa giya, kai kuwa gonarka ruwa zalla!" Ta maƙala min shuɗin ƙyalle a ƙirji. Mahala ta tambaye ta ko ana miya da shi.

To yau aka je karanta wa kogi takardarsa. Doka ta ce dole mai fili ya kasance a wurin, sai muka shiga kwalekwalen Baba Keswa, ni da magatakardan kwamiti. Baba Keswa ɗan asalin wurin nan ne, yana cikin 'yan tsirarun da suka rage bayan sojoji sun tasa ƙeyar danginsa. Sarkin Taswira da kwamitinsa suka tsaya a tudu, don kada ruwa ya raina hukuma.

Magatakarda ya karanta shafi uku, ya tambayi kogi ko yana da abin cewa. Ya rubuta cewa wanda ake ƙara ya ƙi magana. Sannan ya ce, "Malam Pruitt, tashi ka nuna mana iyakarka." Na tashi, na miƙa hannu, sai ji na yi ina shan gonata ta hanci. Da aka tsamo ni ina tari, na tarar ya riga ya rubuta: mai fili ya shiga filinsa a gaban shaidu, ƙara ta ƙare.

Da muka fito, Mai Girma ya dafa kafaɗata da yatsa biyu. "In bai yi maka ba, ƙara gaba yamma. Can fili ne fetal, ba kowa."

Baba Keswa yana ɗaure kwalekwale, bai ko ɗago kai ba. "Can kuka kai 'yata da jikokina bara. Su ma kun ba su takarda mai tsuntsu, kun ce nasu ne har abada."

Kwamiti gaba ɗaya ya shiga gyaran hula. Ni kuwa, jama'a, sanyin ruwan ya bar ni, kunya ta maye gurbinsa, don na tuna tafin da na yi a Ohayo.

Mahala, da ke tsaye a bakin ruwa tana jirana, ta ce, "Yallaɓai, mun gode. Ba zan haihu a ƙofar gidan wata ba." Ta juya wurin tsohon. "Baba, kifin nan da me ake kama shi?"

"'Yata, kawo mijinki gobe. Amma a zaune."

Ya ba mu aron tsohuwar bukkar 'yarsa har damina, ya ce in sun dawo mu tashi. Na ce ko takarda ba sai an rubuto min ba.

Bajamushen nan ya ce min wai in aka yi ta tafiya yamma, a ƙarshe teku ake tararwa. Ban san bawan Allahn da za a ba wannan filin ba, amma ina ba shi shawara ya fara koyon iyo tun yana kan layi.