Ranar da Tazuge Ya Ba da Shaida a Gaban Likita

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. A shekarar ne yatsuna da gwiwoyina suka kumbura. Da asuba su sandare, buta ta gagare ni ɗauka, salla kuwa sai a kan kujera. Ba abin da nake nema illa in sake kai goshina ƙasa.

Na je wurin maɗori a Ƙofar Dawanau, ya ce ba karaya. Wanzami ya yi mini ƙaho har gwiwa ta koma rariya. Likitan ƙashi ya ce aikin ba nasa ba ne, na likitan gaɓɓai ne, wai garkuwar jikina ce ta juyo tana yaƙata. (Ƙasa ta huta da juyin mulki, ni nawa ya fara.) Shi kuma wannan likita ba a Kano yake ba, jefi-jefi yake zuwa. Wata uku ina jira.

Ranar da ya zo, muka tafi asibiti da mai ɗakina, Hajiya. A bencin jira na buɗe wa jama'a karatu. Na ce na zauna a Khartum, na yi fatauci a Kumasi, na yi jinya a Alƙahira. Bamisire tun daga ƙofa yake kururuwa yana nuna inda ke masa ciwo. "Mu kuwa," na ce, "mutum yana bakin kabari, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ina likita zai kama?"

"Wallahi gaskiya ne, Alhaji," in ji 'yan benci.

Aka kira ni. Ina shiga na tarar da likita, bayansa ɗalibai reras, maza da mata, duk sa'o'in jikokina.

"Baba, barka da zuwa. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Bakina ne ya faɗa, bai shawarce ni ba. Likita ya kama yatsana ya matsa, na ji zafin har tsakar ka.

"Da zafi?"

"Ba wani."

Yo dattijo ya yi raki a gaban 'yan mata? Ya matsa gwiwa, hawaye ya zubo, na ce fanka ce. Harsuna biyar nake ji, amma a ranar ko ɗaya bai ba ni aron "wayyo" ba.

Likita ya dube ni, ya fara rufe fayil. "To Baba, tunda da sauƙi, mu haɗu in na sake zagayowa."

Sai ga Hajiya ta bankaɗo ƙofa.

"Likita, kada ka biye masa! Wata shida ni nake ɗaure masa tazugen wando."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin sa. Kwance ka ɗaure, a gani."

Da mai hankali ne, da a nan ya ja da baya. Ni kuwa na miƙe, na zura hannu cikin babbar riga, na ja tazuge. Kwancewa ba wuya. Ɗaurewar ce yatsu suka ce ba da su ba. Na lalaba, na roƙa, ina! Wando ya sulale a hankali, cikin natsuwa, ya zauna a kan takalmina.

Ƙofa kuma a buɗe, almajiran karatuna na benci suna leƙe. Wani tsoho ya ɗaga murya: "Alhaji, yaya jikin?"

Likita ya sake buɗe fayil, ya juya ga ɗalibansa. "Ku rubuta. Yau wando ya fi mai shi bayani."

Ya sa aka ɗebi jini, ya ɗora ni a kan magani, kafin azumi na yi sujada a ƙasa, na daɗe ban ɗago ba.

Abin da na koya: "da sauƙi" amsar zaure ce, ba ta ɗakin likita ba. In kuma ka san bakinka ba zai iya faɗin gaskiya ba, to ka tafi da matarka, amma ka sa wando mai roba.