Minti Biyar ɗin Kusada

Ba zan taɓa mantawa da kiran nan ba. Ina gona a Dudunni ina roron wake, kwana ashirin da rasuwar Yaya Haladu, sai ga wayar Malam Isiyaku, shugaban reshen ƙungiyarmu ta ma'aikatan ƙaramar hukumar Kusada. Ya ce kwamitin da ke jin ra'ayin ma'aikata kan gyaran dokar fansho ta jiha zai zauna a Kankia ranar Laraba, kuma kowane reshe minti biyar aka ba shi.

"Kai za ka karanta takardar marigayi," in ji shi.

Na ce, "Malam, ni fa mai kula da sito ne. Buhunan taki na sani."

"Karatu kawai za ka yi. Mi ke da wuya?"

Yaya Haladu shi ne sakataren reshen tun ban san hanyar ofis ba. Kafin ciwon ya kwantar da shi ya karanta daftarin gyaran, ya ga an ce iyalan ma'aikacin da ya rasu za su bayyana da kansu a tantance su, amma ba a ce komai a kan matar da ke takaba ba. Sai ya rubuta shafi ɗaya da hannunsa, yana roƙon a yarda ta tura wakili. Ya rubuta ne saboda matan abokan aikinsa. Bai san tasa matar, Yaya Binta, ce za ta fara shiga layin ba.

Kwana uku ina bita. Na karanta wa matata, na karanta wa bango, na karanta wa tumaki (su kaɗai ne ba su gyara mini komai ba). Na auna da agogo, minti uku cif. Wato ina da rarar minti biyu na gaisuwa. A nan na fara cutar kaina.

Ranar Laraba muka isa Kankia da hantsi. Ɗakin taron ya cika, malaman makaranta a gefe, ma'aikatan asibiti a gefe, tsofaffin 'yan fansho a layin gaba da sandunansu. A ƙarshen teburin manya akwai wata baiwar Allah da ƙararrawa a gabanta. Na ga ta kaɗa wa mutum biyu, ban ɗauki darasi ba.

Aka kira Kusada. Na miƙe, aka ba ni makirfo, na yi sallama. Na gai da shugaban kwamiti. Na gai da mataimakinsa, don kada ya ji an raina shi. Na gai da wakilin hakimi, na gai da liman. Shugabannin ƙungiyoyi kuwa su shida ne, kuma duk sun zo mana gaisuwar rasuwa har gida, ta yaya zan haɗa su a baki ɗaya kamar buhuna? Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ya haƙuri, na ce haƙuri sai ma'aiki.

Malam Isiyaku yana nuna mini agogon hannunsa. Na ɗauka gaisuwa yake, na ɗaga masa hannu.

Na buɗe takarda ke nan, idona ya faɗa kan layin gaba. Surukina. Baba Alhaji Mamman na Yashe, tsohon malamin daji, zaune da sandarsa yana kallona. Ban san zai zo ba. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa, ban taɓa yi masa magana a tsaye ba, kuma ƙafafuna ba su nemi shawarata ba. Na tuɓe takalmi, na taka zuwa gabansa, na tsugunna. Makirfon yana hannuna, daidai bakina.

"Baba, ina kwana."

Muryata ta fito daga lasifika huɗu.

"Lafiya lau, ɗana. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Baba. Ya ƙafar Inna?"

"Da sauƙi. Ta ce maganin shafawar nan da ka aiko, wari gare shi, amma yana aiki."

Duk ɗakin ya ji labarin ƙafar Inna. Wasu sun fara rufe baki da hula. Shi kuwa Baba, da yake kunnensa ya yi nauyi, bai san duniya na saurare ba. Ya tambayi 'yarsa, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi ko tunkiyar nan ta haihu. Na ce tagwaye. Wani daga layin baya ya ce, "Barka!"

Sannan ya ɗaga hannu zai yi wa Yaya addu'a. Wa zai hana? Liman ya ɗaga, shugaban kwamiti ya ɗaga, ɗaki gaba ɗaya ya ɗaga. Gaskiya addu'ar ta yi kyau, har na ji idona ya kawo ruwa. Muna shafawa, ƙararrawa ta kaɗa.

Na miƙe ba takalmi, na ce, "To, maganar da ta kawo mu…"

Shugaban kwamiti ya yi murmushi, ya ce, "Kusada, mun amsa gaisuwa. A gai da Inna."

Dariyar da aka yi, ina jin har kasuwa an ji ta. Na koma kujerata, aka miƙo mini takalmana hannu da hannu. A mota, da muka kusa gida, Malam Isiyaku ya ce, "Wakilin gaisuwa, mun iso." Sunan ya bi ni har sito.

Abin da na fi tsoro shi ne Yaya Binta. Da can ba ta barina in sha ruwa a gidan ba ta tsokane ni ba, amma tun rasuwar ko muryarta ba a cika ji. Na yi sallama, na zauna a bakin ƙofa. Daga bayan labule ta ce, "Ka karanta?"

Na faɗa mata komai, har tagwayen.

Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda mutum ke danne ta tana ƙwacewa. Ta ce, "Yayanka ya sha faɗa, in aka aike ka ɗebo wuta sai ka gai da murhu." Daga nan kowannenmu ya koma ga abin da ya tuna.

Na dai koyi abu ɗaya. In an ba ka minti biyar, faɗi buƙatarka tukuna, surukinka yana nan a Yashe har ranar Juma'a.

Malam Isiyaku ya ce kwamitin yana karɓar ra'ayi a rubuce. Ban iya rabuwa da rubutun hannun Yaya ba, sai na zauna in kwafe. Na kai layin da ya rubuta "matar da ke takaba", na ajiye biro. Saura rabin shafi.