Ranar da Na Gano Gazuwal a Guci

Shekarun da man fetur ya yi tsada, ina sabon malamin ilimin tsirrai a jami'a, na rantse man bini-da-zugu zai tada inji. Na tatsi bido guda, wato cikin jarka ɗaya, na nufi Guci ranar kasuwa, har sufurefe, babban jami'in gwamnatin yankin, na gayyato daga Magariya.

Da hannuna na ɗauko bido daga mota, na ɗura wa injin niƙan Alhaji Idi. Bugu ɗaya ya tashi yana ruri. 'Yan kasuwa suka kewaye mu. Wani tsoho ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ashe shingen gonakinmu mai ne? Allahu Akbar!" Ni kaina sai da na yi hawaye, na shiga jawabi kan ikon Allah cikin ƙwayar tsiro.

Ina tsaka da jawabi direbanmu ya taho rungume da wani bido, ya ce da ni, "Mushe, ga manka da ka bari a mota. Ina gazuwal ɗinmu, man motarmu na komawa gida?"

Sufurefe ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yau na yi furfura, amma duk ranar da na sauka Guci sai na ji, "Maraba da malamin da ya gano gazuwal!"