Gayyar Jinin Gwaggo Hanne

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na kwashe ƙarti goma sha huɗu daga gona na kai su Kano ba.

Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifina da ke Sule Tankarkar, ita ce kwance a asibiti da cutar dajin jini, magani ya ƙi karɓar ta. Sai ɗanta Nasiru ya turo mini saƙon murya, wai akwai sabon magani: a ɗebi ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, a horar da su, a zuba wa maras lafiya su cinye dajin. Ni ya turo wa don ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gumel (a gidanmu wannan ya isa a ce maka likita).

Sau uku na saurara, kaina na ƙara kullewa. Amma da dattawa suka zuba mini ido, sai na gyara zama na ce, "Abu mai sauƙi. Jini ake so, na masu ƙarfi."

Mu kuwa in an ce jini, gayya ake yi. Kafin la'asar magana ta kai Gagarawa da Maigatari. Da kaina na tsaya tantancewa, har da matsa damtse. Wani siriri na sallame shi, na ce ƙwayoyinsa ba su ƙoshi ba.

Washegari likitar da ke duba Gwaggo ta tarar da mu jere a barandar asibitin a Kano.

"Malam, waɗannan fa?"

"Masu ba da ƙwayoyin ne, ranki ya daɗe. Sai wanda kika zaɓa."

Ta daɗe tana kallo na. "Daga jikin maras lafiyar ake ɗiba, ba na wani ba. Kuma ba ma yin sa a nan. Nasiru ne ya tambaya, na ba shi labari."

Na ji kamar in nutse. Abin da ya fi ci mini rai, na riga na aika wa Gwaggo cewa da mu za ta koma gida.

Gwaggo ta sa aka kira ni. "Ɗan nan, noman mutane ka tsayar?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To shigo da su in gan su. Wata biyu rabona da fuskar gida."

Haka suka shiga biyu-biyu, tana tambayar kowa ya geronsa.

Tun ranar na koyi faɗin "ban gane ba". Kalma uku ce, ta fi ƙato goma sha huɗu sauƙin ɗauka.