Yatsan Lurwanu Admin

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Lurwanu Admin. Ba liman ne ya raɗa masa ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur. In ka zauna da shi a teburin mai shayi, kafin shayinka ya huce ya gaya maka da yatsa ɗaya zai iya kashe wutar Legas daga nan inda yake zaune. Wai su kansu turawan da suka ƙera kwamfuta, in ta gagare su, shi suke yi wa filashin.

A ofishin ƙungiyar manoman albasa yake aiki. Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin, a cikinta aka zuba sunan kowane manomi da girman gonarsa da takin da ya kamata a ba shi. Wani Injiniya Bulus ne ya zo daga birni ya ɗora manhajar. Ya ba kowane ma'aikaci sunan shiga da kalmar sirri, kowa da iyakarsa: Malama Lantana ta shigar da sunaye, mai sito ya duba ya fitar da taki, shugabar ƙungiya Hajiya Kubura ta ga komai. Lurwanu kuwa, da yake ya taɓa yin ɗan kwas, sai aka damƙa masa rabon izini, aka haɗa masa da wata 'yar na'urar dangwala yatsa.

Abin nema ya samu. Injiniya bai gama fita gari ba Lurwanu ya zauna ya gyara hula. Ƙyas, ya cire izinin Lantana. Ƙyas, na mai sito. Ya ɗan yi jim a kan na Hajiya, ya waiga hagu, ya waiga dama. Ƙyas! Sannan ya saita abin yadda ko buhu ɗaya ba zai fita ba sai ya dangwala yatsa. Ita ma na'urar ya samo gam mai ƙarfi ya liƙe ta a kan tebur, wai kada ɓarayi su sace.

Washegari Lantana ta buga kalmar sirrinta, kwamfuta ta ce ba ta da izini.

"Malam Lurwanu, me ya samu shigata?"

"Tsaro ne, Malama. Harkar tsaro ba ta mata ba ce, ba ta maza ba ce, ta Admin ce."

Da Hajiya ta yi magana, sai ya zazzaro ido ya ce mata a daren jiya kaɗai ya kori 'yan kutse daga ƙasashe bakwai. Hajiya ta ce, "Allah ya kyauta."

Daga ranar babban yatsan Lurwanu ya zama basarake. Ba ya gaisawa da hannun dama. Ba ya wanke kwano. Yana tafe yana ɗage da shi sama kamar mai gwada iska. Manoma suka gane hanya: mai son a duba sunansa da wuri sai ya zo da 'yar zabuwa, ko ƙwai, ko ƙullin yaji, "na gaisuwar yatsa."

Ana nan sai ga ranar rabon taki. Tirelar taki ta iso tun hantsi, direba na ta danna ham, pam-pam, wai a sauke masa ya wuce. Hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin. Manoma sun yi layi har bakin masallaci. Shi kuwa gogan naka ya shigo cikin babbar riga mai sitaci, yana ƙamshi, yana cewa, "A yi haƙuri, a yi haƙuri, yatsa bai karya kumallo ba."

Sai wani manomi ya miƙo masa ƙwarya cike da saƙar zuma, sabuwar yanka. Yawun Lurwanu ya tsinke. Ko bisimilla bai yi ba, ya luma babban yatsan nan cikin saƙa. Ashe akwai mai gida a ciki.

Tsit!

"Wayyo Allah! Wayyo yatsana!"

Ya yi tsalle, ƙwarya ta yi nata wuri. Kafin a ce kwabo yatsa ya kumbura suntum, ya yi sheƙi kamar dankalin Hausa da aka shafa wa mai. Wani daga layi ya ce, "Dama ba a shan zuma sai an sha harbi." Aka kwashe da dariya.

Lurwanu ya cije, ya ɗora yatsa a na'ura. Tiiit! Jar wuta. Ya tofa masa yawu ya goge a riga, ya sake. Tiiit! Kwamfuta ta rubuto cewa ba ta san wannan mutumin ba.

"Ba ta san ka ba?" in ji Lantana. "Kai da turawa ke yi wa filashin?"

"Natuwok ne."

"Wane natuwok? Kai ka ce mana wannan ba ta shan natuwok."

Hajiya Kubura ba ta tsaya jayayya ba. Ta kira Injiniya Bulus, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar a tebur.

Injiniya ya ce, "Abu mai sauƙi, Hajiya. Ki shiga da naki."

"Ya cire."

"Malama Lantana fa?"

"Ya cire."

"Mai sito?"

"Ɗan nan, ko kai da ka ɗora ta ina jin ya cire ka."

Injiniya ya ja dogon numfashi. "To ba komai. Na'urar ba ta karɓar yatsa ɗaya, dole sai da na ko-ta-kwana. Na bar shi zai yi rajistar na biyun da kansa. Lurwanu, sa na biyun. Amma ka kula, in ta ƙara ƙin karɓa za ta kulle gaba ɗaya, ni kuma ina Jos, sai jibi."

Ido ya raina fata. Zufa ta karyo wa Lurwanu. Ya dubi silin, ya dubi ƙofa.

Hajiya ta ce, "Sa mana. Ga yatsu nan tara a hannunka suna zaman banza."

"Hajiya, ko a ɗan fitar da mutane?"

"Ba inda za su. Wanne ne?"

"Wato, ranki ya daɗe, a ilimin tsaro, ɓarawo in ya zo, hannu yake fara nema. To ni sai na yi masa wayo."

"Lurwanu, wanne ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya nuna ƙasa. Kowa ya bi hannunsa da kallo har kan takalminsa sau-ciki.

"Na ƙafa?" in ji Lantana. Ta dafe bango ta sulale ƙasa. "Na ƙafa! Jama'a, na ƙafa ne!"

Labari ya bi layi kamar wutar daji har bakin masallaci. Masu leƙe suka cika taga. Aka ce a sauko da na'urar ƙasa. Ina, gam ya kama ta kamar a nan aka haife ta. Aka ja, aka ɓanɓara, ko gezau.

Direba ya ƙara danna ham. Aradu ta yi rugugi.

Lurwanu ya cire takalmi. Ya zare safa. Na kusa da shi suka ja da baya babu shiri, wani ya ce a buɗe ɗaya tagar don Allah. Ya tattare babbar riga, ya dafa kafaɗar mai sito, ya ɗaga ƙafa. Bai kai ba. Ya ƙara yunƙurawa.

Ɓaarrr! Wando ya ce ga garinku.

Haka nan ya daure ya ɗora. Tit! Koriyar wuta. Kwamfuta ta rubuto da manyan baƙaƙe: BARKA DA ZUWA, BABBAN ADMIN.

Ofis ya kaure da tafi da shewa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Lurwanu ya fara janye ƙafa, yana cewa, "Kun gani ko? Tsaro ke nan."

Lantana ta zauna ta kira sunan manomi na farko, ta danna a fitar masa da taki. Kwamfuta ta ce: A DANGWALA YATSA.

"Injiniya, ta sake tambaya."

"Haka ya saita ta, Malama. Kowane buhu sai ya dangwala. Gyara wannan sai na zo."

Hajiya ta leƙa taga ta ga iyakar layi, ta dubi hadari, ta dubi Lurwanu.

"Mayar da ita. Kada ka sauke."

Haka ya tsaya a ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin tafki, hannu ɗaya riƙe da yagaggen wando, ɗaya a sama da kumburarren yatsa. Lantana na kiran suna, shi yana dangwalawa. "Admin, dangwala!" Tit! "Admin, dangwala!" Tit! Har manoma suka mayar da shi amshi.

Can sai ga wani dattijo, Baba Ɗanbaƙo, ya shigo da zakara a hammata. Bai san abin da ake ciki ba, daga ƙauye yake. Ya yi sallama ya ce, "Hajiya, an ce in na zo in fara gaida Admin. Wanne ne shi a nan?"

Hajiya ta nuna masa ƙafar da ke kan tebur.

"Ga shi nan, Baba, gaishe shi. Wancan da ke maƙale a jikinsa ɗan rakiya ne."