Yallaɓai Darakta da Rikicin Taki

A duk layinmu babu wanda ya kai Yallaɓai Darakta sanin ƙasa. Shi da bakinsa ya shaida mana, kuma mutum mai daraja irinsa ba a yi masa musu. Shekara talatin da biyar ya yi yana sa hannu a takardun noma a hawa na huɗu na ma'aikatar gona, farcensa bai taɓa yin baƙi ba. Ranar da ya yi ritaya ya sanar cewa zai mayar da bayan gidansa lambun da za a riƙa zuwa kallo daga nesa. Bayan gidan, in ka cire tankin ruwa da igiyar shanya, taku tara ne.

Ƙasar wurin ta mutu, fara fat, tauri kamar daɓe. Matarsa, wadda ta yi makonni tana renon 'ya'yan tumatir a gwangwanayen madara, ta leƙa ta tambayi Gwaggo, tsohuwar da ke bayan katangarsu, wadda lambunta ke ciyar da rabin layin. Ta dawo da amsa: in kashin dabbobi ne, a jibge shi gefe ya bushe ya huce tukuna, in na ganye da ɓawo ne, a yi haƙuri wata uku ya ruɓe. Kowanne yana yi.

Yallaɓai ya zare tabarau. "Wace jami'a ta yi?"

Ya kafa kwamiti. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, matarsa 'yar kallo ce marar ƙuri'a. An yi zama huɗu a teburin cin abinci kafin ya miƙe ya karanta hukunci.

"Kashin dabba ci baya ne. A taron bitar da na halarta a babban otal, an nuna mana a majigi yadda ƙasashen da suka waye ke ruɓar da shara. Daga yau kada na ji an ce shara a gidan nan. Sunansa takin kimiyya."

Aka haƙa rami, yana tsaye a kai da laima yana ba da umarni. Sai dai ranar bitar, da alama lokacin da aka zo bayanin abin da ba a zubawa, Yallaɓai yana layin shayi. Kan kifi, ƙasusuwa, ragowar mai, duk ya sa aka antaya. Har da tsofaffin fayilolin ofis, waɗanda a gaskiya wannan ne karo na farko da suka kusa amfanar manomi.

Kafin mako ya zagayo, layin gaba ɗaya ya san an fara kimiyya. Aka rufe tagogi. Telan da ke tsallaken gidan ya ja kekensa zuwa bakin titi. Mai wanki ya daina shanya ta wannan gefen. Mu kuwa muka naɗa shi Farfesan Juji, ya ji rabin farko kawai, ya ɗaga mana hannu.

"Wannan ba wari ba ne," in ji shi, hanci a toshe da hankici. "Alamar aiki ce."

Ya tsaya a kan bakansa har ranar da wani ƙaton ɓera ya ratsa falo ya bi ta kan ƙafarsa yana karanta jarida. Da yamma aka kira zaman gaggawa, aka cike ramin, shugaba ya tunatar da kwamiti cewa shi dama can yana goyon bayan kashin dabbobi, fahimtarsa ce ba a yi ba.

Washegari aka shigo da baro uku na kashin kaji, ɗanye sharaf, har tururi yake. Matarsa ta riga ta dasa tumatirinta, sun fara miƙewa. Ta roƙe shi ya jira. Gwaggo ma ta ɗago kai ta saman katanga.

"Ɗana, ɗanye ne. Zai ƙone su."

"Gwaggo, shuka kamar ƙaramin ma'aikaci take. In ba ka matsa mata ba, ba ta aiki."

Ya matsa mata. Kwana uku tumatirin ya yi ja, ya yi baƙi, ya kwanta. Matarsa ta daɗe a tsugune tana taɓa busassun ganyen. Yallaɓai ya rubuta rahoto shafi shida, ya ɗora laifin a kan iri da kuma mai ban ruwa.

Matsalar ita ce ya riga ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa bikin buɗe lambu. Suka zo da safe, kaya sun sha guga, suka jeru a gaban kunya huɗu na ƙonannun karare, kowacce da allonta mai ɗauke da suna da kwanan wata. Aka shiga gyaran murya.

Can wani ya hango kore a gindin katanga, bayan tanki. Yaɗon kabewa ne, ganye fato-fato, da wata ƙatuwa a kwance kamar tulu. Yallaɓai bai taɓa ganinta ba, amma ko gezau bai yi ba.

"Yauwa, kun gano sirrin. Waɗancan huɗun gwaji ne. Wannan ita ce sakamakon."

Minti ashirin ya yi yana bayanin yadda ya auna takin da idonsa. Aka tafa. Ya durƙusa ya rungume kabewar, aka fara ɗaukar hoto.

Sai ga kan Gwaggo a saman katanga.

"Ɗana, in an gama hoton, turo min abata. Tsallakowa ta yi, saiwarta na nan gefena. Kuma don Allah kada ka sa mata komai."