Yadda Nomau Ya Gwada Fawar Injin Ƙwai

"Ba ita ba ce," in ji Nomau, ya tura wa direba kwalin ta taga.

Direba ya riga ya sa giya, fasinja na ta tsaki. Ya ce, "Malam, sunan yayanka ne a jiki, lambarsa ce a jiki. Me kuma ya rage?"

Nomau ya ɗaga waya ya nuna masa hoto. "Ta hoton nan tana da koriyar wuta a kunne. Wannan babu."

"To ai ba a jona ta ba, bawan Allah!"

"Ni dai Yaya ya ce in duba, in ba daidai take da ta hoto ba, kar in karɓa."

Haka motar ta wuce Funtuwa da kayan. Sai washegari yayansa Lawandi ya hau mashin ya bi sawu, ya karɓo da kansa, har da ba direba haƙuri.

Ka san gidan ai, su uku ne. Inna Tabawa mai kiwon zabi, sai babban ɗanta Lawandi mai gyaran rediyo da fitilar sola, sai Nomau, ƙato mai gemu, wanda in ka ce masa tsaya nan, to ko jibi ka dawo a nan za ka same shi. A daminar nan Lawandi ya samo mataccen firji, ya sa masa hita da 'yar fanka, ya ce injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Inna ta bi gida-gida ta ce wa matan unguwa bana kowa ta tara ƙwan zabinta, ba sai an nemi kazar da za ta kwanta a kai ba, ɗanta zai ƙyanƙyashe su gaba ɗaya. Matan suka yarda, don bakin Inna ne. Ƙwai ɗari da tamanin, kwana ashirin da takwas a cikin ɗumi, kuma in ɗumin ya yanke na wuni guda, an gama. Abin da ya rage wa injin shi ne fawa, ɗan akwatin ƙarfen nan mai huji-huji da ke karɓar wutar Nepa ya sauko da ita yadda hita da fanka za su iya sha. Akwai batir na ko-ta-kwana in an ɗauke wuta, amma shi ma fawar ce ke cika shi. Ita ce Lawandi ya yi oda ta waya, don ta intanet ta fi araha nesa ba kusa ba.

Wata rana Lawandi ya ɗauki fawar nan yana jinjina ta a hannu, ya yamutsa fuska. "Kai, ba ta da nauyi. Fawa mai kyau nauyi gare ta, wannan kamar gwangwanin madara." Ya ajiye ya tafi masallaci. Nomau ya zauna yana kallonta, tausayin yayansa ya kama shi. In nauyi ne kawai matsalar, ai ga tsakuwa nan a ƙofar gida ba mai so. Ya zaɓo ƙanana, ya wanke su tas, ya shanya, ya riƙa zura su ta hujin ɗaya bayan ɗaya. Da Lawandi ya dawo, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya, ji yanzu."

Lawandi ya ɗaga, ya ji nauyi, ya girgiza ya ji caka-caka kamar caki. Da ya kwance, tsakuwar ta riga ta karya ƙafar wani abu a ciki. Ya kalli ƙanensa ya ce, "Nomau, Allah ya shirye ka."

"Amin, Yaya. Amma ta yi nauyin ko?"

Wata rana, da za a sake oda, Lawandi ya ba Nomau waya ya ce, "Ga mai kayan nan, masu saye sun ba shi taurarin yabo biyar. Karanta abin da masu saye suka ce kafin in dawo." Shi a ransa biyu ko uku yake nufi. Nomau kuwa ya gama firamare, yana haɗa baƙi a hankali, sai ya zauna gindin darbejiya ya fara daga na farko. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Awaki da ba a ba su ci ba suka tsinke igiya suka cinye kuɓewar da Inna ta shanya. Data ta ƙare yana kan mutum na ɗari huɗu da wani abu.

"To me suka ce?" in ji Lawandi.

"Duk sun yaba. Amma Yaya, arba'in daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne."

"Ya aka yi ka sani?"

"Maganarsu iri ɗaya ce sak, har inda suka yi kuskure. Sai dai in uwa ɗaya ta koya musu." Nomau ya ɗago kai. "Kuma yaushe suke rubutawa?"

"Ranar da kaya ya iso mana."

"Wanda tasa ta ƙone bayan wata fa?"

"Wa ke da lokacin dawowa? Ba ni wayata."

Lawandi ya yi odar guda huɗu a wurin mai taurarin, ya ce ko ɗaya ta samu matsala akwai wasu. Da suka iso ya jinjina su, ya yi murmushi. Waɗannan kam da nauyinsu.

Wata rana ya jona ɗaya a kan tebur, zai leƙa wani gida gyaran fitila, ya ce, "Zauna nan, kar ka bari ta yi zafi." Nomau ya ɗora hannu, ya ji ɗumi. Ya yi mata fifita da mafici, ɗumin bai tafi ba. Ya hura mata iska da baki har kansa ya fara juyawa. Sai ya tuna yadda Inna ke sanyaya jarkar ruwa. Ya jiƙa buhu sharkaf ya lulluɓe ta. Ƙarar da ta yi, har zabin Inna sai da suka hau katanga.

Lawandi ya dawo ya tarar da wari da hayaƙi, da Nomau tsaye riƙe da buhu yana cewa, "Wallahi da ta mutu, da sanyinta ta mutu." Lawandi ya kwance ta ko akwai abin tsira a ciki, sai ya tsaya cak. A jikin murfin, an manna guntun ƙarfe da gam, ba waya ko ɗaya da ta taɓa shi. Kayan aikin kansu kuwa 'yan mitsi-mitsi, ba su fi na caja ba.

Nomau ya leƙo, fuskarsa ta washe. "Yaya! Ashe su ma sun san dabarar! Ashe akwai irina a can!"

Lawandi bai yi dariya ba. Ya mayar da murfin ya ce, "Nauyi dai ba shi ne aiki ba. Tunda an rubuta a jiki ƙarfin wutarta amfiya goma ne, za ta ja. Injina takwas kawai yake sha." Ka san mutum in ya riga ya yi alkawari a gaban mata talatin, ba ya son ganin abin da ke gabansa.

Wata rana, ana gobe za a sa ƙwai, ƙwarya-ƙwarya sun cika ɗakin Inna, kowace da alamar mai ita da gawayi. Lawandi zai je ta'aziyya ƙauyen gaba, ya ce, "Nomau, ga guda uku sun rage. Gwada min su, ka ga ko suna yin abin da aka rubuta a jikinsu." Shi nufinsa a jona, a ga sun kama, a cire.

Nomau ya karanta takardar jikin da yatsa. Amfiya goma. Bai san mene ne amfiya ba, amma ya san an ce goma. Ya ɗauki fawa ɗaya ya nufi garejin Ila rewaya, mai gyaran wutar mota.

"Oga Ila, amfiya goma nawa ce?"

Ila ya fito da kai daga ƙarƙashin bonet. "Kai kuma yau da me ka zo? Ƙwan fitilar gaban mota guda ɗaya yana shan wajen biyar. Biyu, goma ke nan."

"Ara min biyu."

"In ka fasa, yayanka zai ji daga gare ni."

Ila da kansa ya ɗaura masa wayoyin don a rabu lafiya. Nomau ya koma gida, ya jona, ƙwayayen suka kama fau da rana tsaka. Ya zauna ya zuba musu ido. Ba a rubuta a jiki cewa goman ta minti ɗaya ce ba, don haka bai ga dalilin cirewa ba. Kafin Inna ta gama tankaɗe, hasken ya fara rawa, wari ya taso, fawa ta yi tus. Nomau ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ba ta yi." Ya ajiye ta gefe, ya jona ta biyu. Ita ta ɗan yi ƙoƙari, ta kai kusan awa. Yana cikin ɗaura wa ta uku waya Lawandi ya shigo.

Ihun da ya yi, maƙwabta sai da suka leƙo. Ya fizge ta ukun ya rungume a ƙirji. "Ka kashe ni! Gobe za a sa ƙwai, ka ƙone min biyu! Wa ya ce ka ɗora musu fitilar mota?"

"Kai ka ce in ga ko suna yin abin da aka rubuta. Ba sa yi, Yaya."

"Ai ba a ɗaukar rubutun nan haka!"

Nomau ya juya maganar a ransa. Shi duk rayuwarsa faɗan da ake masa ke nan, cewa ba a ɗaukar magana haka. Amma yau abin ya tsaya masa. Ya ce a hankali, "To in ba a ɗauka haka, don wa suka rubuta?"

Inna na bakin ƙofa riƙe da rariya. Ta kalli baƙaƙen akwatunan biyu, ta kalli ɗakin da ƙwan mutane ke ciki. Ta ce, "Lawandi, ni ban san amfiya ba. Amma ƙwan maƙwabciyarmu Lantana talatin na ciki, da su take sa ran zabin da za ta sayar ta rufe ɗakinta. Jona ta ukun a injin babu ƙwai. In ta kwana uku, a zuba."

"Inna, ƙwai na tsufa fa."

"Gara su tsufa a ƙwarya."

Lawandi ya jona, yana ƙunƙuni. Ranar farko lafiya, har yana yi wa Nomau kallon ka-gani-ko. Rana ta biyu da hantsi, suna karyawa, fankar ta yi shiru. Lawandi ya ajiye kofin kokonsa, ya je ya buɗe firjin, ya sa hannu a cikin ɗumin da ya fara gudu. Ya daɗe a durƙushe a wurin. Wannan karon babu buhu, babu tsakuwa, babu wanda za a ɗora wa.

Ya miƙe ya hau mashin sai Funtuwa. Da yamma ya dawo da wata tsohuwar fawa da aka ciro daga injin hoton takardu, duk tsatsa a gefe, rubutun jikinta ya kusa gogewa. Ya ajiye ta gaban ƙanensa, idonsa a ƙasa.

"Je ka sake aro fitilun Ila. Yi mata yadda ka yi wa waɗancan."

Wuni biyu fitilun na ci a tsakar gida, Nomau na zaune a gabansu, ko abinci sai dai a kai masa nan. Aka zuba ƙwai a makare, wasu sun riga sun tsufa. Amma da kwanakin suka cika, 'yan zabi ɗari da talatin da shida suka fito, Lantana ta kwashi ashirin da huɗu a kwando tana ta sa wa Lawandi albarka. Nomau ne ya ɗaukar mata kwandon har gida, ita ko sannu ba ta tuna ta yi masa ba, shi ma bai lura ba.

Har yau a unguwar wawa ake ce masa, don ya yarda da abin da aka rubuta har ya je ya duba. To kai da ba wawa ba, cajar da ke jone da wayarka yanzu haka, ka taɓa sanin ko abin da ke rubuce a jikinta gaskiya ne?